Tsakanin Ƙungiyar Yara Da Ta Manya: A Nan Muke Asarar 'Yan Ƙwallonmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato halin da matasan 'yan ƙwallonmu suke shiga a lokacin da shekaru suka fitar da su daga ƙungiyar yara, ƙungiyar manya kuma ba ta buɗe musu ƙofa ba. Ni malamin makaranta ne a nan cikin birnin Katsina, kuma na daɗe ina horar da yaran unguwa bayan sallar la'asar, ba don albashi ba, sai don ƙaunar wasan da kuma ganin yadda yake tsare yara daga zaman banza. Abin da zan faɗa na gan shi da idona, kuma na san kocin da ke Daura da na Funtuwa da na Malumfashi za su karanta su ce labarinsu nake bayarwa.

Akwai wani yaro da ba zan ambaci sunansa ba, domin har yanzu sahu ɗaya muke bi a masallaci. Ya zo wurina yana ɗan shekara 11, ba takalmi a ƙafarsa, yana buga ƙwallo da ƙafar hagu. Tun makon farko na lura da wata ɗabi'a tasa: kafin ƙwallo ta iso gare shi ya riga ya waiga sau biyu ya ga inda kowa yake tsaye, abin da ake shan wahala kafin a koya wa babba. Shekara shida yana hannuna, har ya zama kyaftin ɗin yaran. Da ya cika 17 aka sanar da cewa wata babbar ƙungiya za ta yi gwajin ɗaukar 'yan wasa, sai mahaifiyarsa ta kwashi adashinta ta saya masa takalmin ƙwallo na gwanjo, ta kira ni har zaure ta ce, "Malam, ga ɗanka nan, Allah ya ba ku sa'a." Muka yi sammako. Da muka isa filin muka tarar da ɗaruruwan matasa, wasu sun kwana a tasha, wasu kuma da ganin gemunsu da kaurin cinyarsu ka san sun girme shi da shekara goma. Aka riƙa raba su goma sha ɗaya goma sha ɗaya, kowane rukuni minti ashirin. Da layi ya zo kansa aka ce 'yan tsakiya sun cika, aka tura shi baya ta gefen dama, wurin da bai taɓa bugawa ba. Ƙwallon farko da ta zo masa, wani ƙato ya sa kafaɗa ya watsar da shi a ƙasa. Na ƙirga, sau huɗu ya taɓa ƙwallo kafin a busa usur. Ba a kira sunansa ba. A mota muna dawowa bai ce uffan ba, ya rungume takalman nan a ƙirjinsa cikin leda har muka shigo gari.

Ba rashin ɗaukarsa ne ya fi yi mini ciwo ba, domin faɗuwa a gwaji ba abin kunya ba ne, kuma manyan 'yan wasa da yawa sun faɗi kafin su tashi. Abin da ya biyo baya shi ne damuwata. Ya yi wa ƙungiyata girma, gasannin yara sun daina karɓarsa, babu kuma wata ƙungiya ta matasa mai buga gasa a kai a kai da zan kai shi. Ya ci gaba da zuwa atisaye na wasu watanni yana gudu tare da ƙannensa, daga nan ya fara fashi, daga nan aka ba shi Keke Napep. Yau da ita yake ciyar da gidansu, kuma sana'a ce ta halal da babu wanda zai raina ta, amma ba ita ya zaɓa ba, kuma babu wanda ya taɓa gwada shi gwaji na gaskiya kafin a yanke cewa ba zai iya ba.

Malam Edita, mu Hausawa mun fi kowa sanin cewa ba a yaye yaro rana ɗaya. Tun kafin ranar yaye uwa ta daɗe tana ba shi kunu, tana ɗanɗana masa tuwo da miya, har cikinsa ya saba. Haka nan a garejin bakanike, yaro yana farawa da wanke sifana da miƙa kayan aiki, sannan a bar shi ya kwance taya, sannan birki, sai an ga hannunsa ya faɗa ake barinsa da inji, kuma maigidansa yana tsaye a kansa. A ƙwallo kaɗai muke ɗaukar yaro daga cikin tsararrakinsa mu jefa shi tsakiyar magidanta na minti ashirin, mu ce mun gwada shi.

Wanda bai taɓa tsayawa a bakin fili ba yana iya zaton bambancin wasan yara da na manya bambancin tsawo ne da ƙarfi kawai. Ƙarfin yana ciki, amma ba shi ne babba ba. A wasan yara, mai gwaninta yana da lokacin da zai tsayar da ƙwallo, ya ɗaga kai, ya yanke mutum biyu, 'yan kallo su yi masa tafi. A wasan manya wannan lokacin babu shi. Kafin ya tsayar an riga an iso kansa, kuma wanda ya iso ɗin ya san yadda ake sa gwiwar hannu inda alƙalin wasa ba zai gani ba. Yaron da ya saba shi ne tauraro, ana kiran sunansa a unguwa, sai ya wayi gari a benci makonni ba wanda ya ce masa ci kanka. Sai ya shiga ɗakin canza kaya ya zauna da mutanen da suke da mata da 'ya'ya, waɗanda alawus ɗin cin wasa shi ne cefanen gidansu, kuma kuskurensa guda yana iya raba su da shi. Sai ya yi doguwar tafiya a mota zuwa kudu, ya kwana a zaune, ya ci abincin da bai saba ba, ya fito gaban 'yan kallon da suke zaginsa da harshen da ba ya ji. Duk waɗannan abubuwa ne da ake koyo, kuma ana koyonsu ne da kaɗan kaɗan, ba a haifi kowa da su ba.

Ba na ɗora wa masu horar da manyan ƙungiyoyi laifin duka. Kocin da ya san cewa idan aka ci shi wasa uku a jere za a sallame shi, ba zai sa ɗan shekara 18 a tsakiyar fili ba, ko da zuciyarsa tana gaya masa yaron zai yi kyau nan da shekara biyu, domin shi kansa bai da tabbacin kaiwa wata biyu. Zai nemi tsohon hannu wanda ya zagaya ƙungiyoyi biyar. Gasar Firimiya ta Najeriya ƙungiyoyi 20 ne, kuma faɗawa rukuni na ƙasa ba wasa ba ne. Mu a Katsina mun ɗanɗana, lokacin da Katsina United ta faɗa a 2022 kafin ta dawo a 2023. Saboda haka ba za a gyara wannan lamari da yi wa koci wa'azi ba. Sai an gina tsarin da zai sa ya riƙa ganin yaron kullum, ya san shi, har ya amince da shi tun kafin ranar da zai buƙace shi.

Wannan ciwo ba na Katsina kaɗai ba ne. Najeriya ta ci Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, kuma babu ƙasar da ta kai ta. Amma Super Eagles ba ta taɓa wuce zagayen ƙungiyoyi 16 a Kofin Duniya na manya ba, inda ta tsaya a 1994 da 1998 da 2014. A 2009, da aka yi gasar yaran a nan ƙasar muka kai wasan ƙarshe Suwizalan ta ci mu a Abuja, ɗan Najeriya Sani Emmanuel ne ya karɓi kyautar gwarzon ɗan wasan gasar, amma bai samu wurin zama a babbar ƙungiyar ƙasa ba. Ƙasar da take fitar da yara irin waɗannan ba ta da ƙarancin baiwa. Tsakanin shekara 17 da 21 take zubar da su.

Ko waɗanda suka tsallake, idan aka duba tarihinsu, za a ga da tsani suka hau. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10 a gasar 2015, abin da ba a taɓa yi ba a gasar, ya tafi Wolfsburg ta Jamus, amma bai ci mata ƙwallo ko ɗaya ba. Da a nan ne da an ce ya ƙare. Sai aka ba da shi aro ga Charleroi ta Beljiyam a 2018, ƙungiyar da ba ta kai waccan girma ba amma tana sa shi wasa kowane mako, a nan ƙafarsa ta dawo, ya wuce Lille ta Faransa, ya wuce Napoli, ya ci kofin babbar gasar Italiya ta Serie A da ita a 2023, ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a shekarar. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Ahmed Musa. Daga makarantar horar da yara a Jos ya fito, ya buga wa ƙungiyar JUTH ta Jos, sannan ya zo Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, kafin ya tafi VVV-Venlo ta Holan, daga can ya wuce CSKA Mosko. A gida aka fara ba shi fili cikin manya yana matashi, kuma da ya isa Turai ya riga ya san zafin kafaɗar babba.

Akwai wata magana da ba mu son yi a fili, amma dole a yi ta, wato rage shekaru. Mun saba ɗaukarta a matsayin rashin gaskiyar yaro ko na kocinsa, kuma lallai rashin gaskiya ne, ba na wanke kowa. Amma mu tambayi kanmu abin da yake sa ɗan shekara 21 ya je a yi masa sabuwar takardar haihuwa ya koma 16. Yana yi ne domin ya duba ya ga cewa ƙofa ɗaya ce a buɗe, ta gasar yara, inda masu neman 'yan wasa suke zuwa kallo, ita kuma shekararsa ta gaskiya ba ta da fili ko ɗaya. Tun 2009 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar asibiti domin tantance shekaru a gasar 'yan ƙasa da 17, kuma hakan ya taimaka, amma na'ura tana kama mai laifi ne kawai, ba ta samar masa inda zai je. Wanda ya fi cutuwa kuma shi ne yaro na gaskiya, wanda ƙato ya zauna a gurbinsa.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar sabon gini. Ina roƙon duk wata babbar ƙungiya a jihar nan, tun daga mai buga Firimiya har masu buga rukunan ƙasa, ta riƙe ƙungiya ta biyu ta 'yan 17 zuwa 21, ƙungiya mai rai wadda take buga gasa da maki, ba wadda ake tarawa idan baƙi za su zo ba. Matasanmu da suke cika gidajen kallo domin Barcelona da Real Madrid sun san cewa kowace cikinsu tana da ƙungiya ta biyu mai buga gasar manya a rukunin ƙasa, kuma Lionel Messi kansa ya bi ta ƙananan ƙungiyoyin Barcelona kafin ya fara buga wa babbar a 2004. Jamus ma, bayan ta kunyata a gasar Turai ta 2000, wajabta wa ƙungiyoyinta ta yi su buɗe makarantun horar da matasa, ta kuma ɗauki Kofin Duniya a 2014. Ba mu da kuɗinsu, na sani. Amma ba a buƙatar kuɗin Turai kafin a ce yara huɗu ko biyar mafi hazaƙa su riƙa yin atisaye da manya sau biyu a mako, ko a sa biyu a benci a wasan gida, ko a ba su rabin lokaci a zagayen farko na kofin jiha. A nan Najeriya, Remo Stars ta Ikenne, wadda ta ɗauki kofin Firimiya a 2025, tana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da makarantar matasa ta Beyond Limits a gari ɗaya.

Filin wasa na Muhammadu Dikko yana nan, kuma ranar wasan gida mutane suna fara shiga tun da sauran rana. Me zai hana a riƙa sa matasa wasan share fage kafin manya su fito? A gidan dambe haka ake yi tun kaka da kakanni: ƙanana ne suke buɗe fage, manya suna zaune suna kallo, kuma a nan ake gane wanda hannunsa zai yi nauyi gobe. Yaron da ya buga sau goma a gaban 'yan kallon Katsina, ranar da aka kira shi cikin manya ƙafarsa ba za ta yi rawa ba. Haka kuma hukumar ƙwallo ta jiha tana iya shirya gasar 'yan ƙasa da 21 shiyya shiyya, Katsina da Daura da Funtuwa, domin kuɗin mota ya yi sauƙi, zakarun shiyyoyin su haɗu a ƙarshe. Jiha mai ƙananan hukumomi 34 ba za ta rasa ƙungiyoyin da za su cika irin wannan gasa ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ta ɗauki watanni ana yi, domin gasar mako biyu da ake shiryawa don wani biki tana ba da kofi da hoto, amma ba ta gina ɗan wasa.

Ga masu cewa wannan duk kashe kuɗi ne ba riba, ina so su san wata doka ta FIFA da yawancin masu ƙungiyoyin unguwa ba su taɓa ji ba. Idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Idan cinikin Yuro miliyan ɗaya ne, Yuro 50,000 ke nan. Kuma rabon ba daidai yake ba: kowace shekara daga 16 zuwa 23 tana cin ninki biyu na kowace shekara daga 12 zuwa 15. Wato shekarun nan da muke sakin yara su ne mafi tsada a lissafin. Sai dai kuɗin ba ya zuwa sai da shaida, sai ƙungiya tana da rajista da hukuma, yaron ma yana da rajista da sunansa na gaskiya da shekarunsa na gaskiya. Mu kuwa yawancinmu littafin makaranta ne muke rubuta sunayen yara a ciki. Ina roƙon hukumar ƙwallo ta jiha ta tara mu, ta koya mana yadda ake wannan rajista, ta kuma sauƙaƙa kuɗinta, domin ranar da wani yaron Ƙofar Marusa ko na Sabuwar Unguwa zai yi daraja a waje, filin da ya taso a cikinsa ya samu ko da raga da ƙwallaye.

Wannan rajista za ta kuma rage ɓarnar dillalan bogi. Duk inda yaro ya rasa hanya a gida, akwai mai jiransa da labarin gwaji a Turai ko ƙasashen Larabawa, in dai iyaye za su kawo kuɗin biza. Na san gidan da aka sayar da gona saboda haka. Ya kamata iyaye su sani cewa dokar FIFA ta hana a kai yaron da bai cika 18 ba wata ƙasa domin buga ƙwallo, in ban da wasu 'yan sharuɗɗa ƙalilan, kuma ƙungiyar da take son ɗan wasa da gaske ita ce take biyan kuɗin tafiyarsa.

Manyan 'yan wasa ma suna da nasu rabon. Yaron da ya shigo cikinku ba ya zo ƙwace muku abinci ba ne, ƙaninku ne. Kyaftin ɗin da zai kira sabon yaro gefe bayan atisaye ya ce masa, "Ƙanena, idan ka ga na matsa gaba ka tsaya a bayana," ya yi masa abin da koci ba zai iya yi ba. Ya dace kowace ƙungiya ta haɗa duk matashin da ta ɗauko da wani babba guda mai hankali, wanda zai kula da shi a tafiya, ya nuna masa yadda ake riƙe kuɗi idan sun fara shigowa, ya kuma hana shi ɓoye ciwo. Wannan na ƙarshen ina faɗarsa da nauyin zuciya, domin na ga yaran da suka ji targaɗe suka yi shiru don tsoron kada a cire su, suka ci gaba da bugawa a kai, har abin da hutun mako uku zai warkar ya zama sanadin barin wasa.

Mu masu horar da yara kuma kada mu yaudare su. Cikin yara talatin da suke gabana, watakila ɗaya ne ko biyu za su ci abinci da ƙwallo, kuma wajibi ne in gaya musu haka tun suna 15, in kuma tsaya a kan cewa wanda bai je makaranta ko wurin koyon sana'a da safe ba, ba zai taka mini fili da yamma ba. Ƙungiya ta biyu da nake magana a kanta ita ma ta sa wannan sharaɗi, ta tsara atisayenta yadda ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko na kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman zai iya haɗa biyun. Wanda bai kai ga babbar ƙungiya ba, ya fita da takarda a hannu, ko ya zama alƙalin wasa, ko koci, ya kuma fita da sanin cewa an ba shi dama ta gaskiya.

A bana ina da yara biyar da za su cika 18 kafin damina ta faɗi, ɗaya mai tsaron gida ne da ban taɓa horar da kamarsa ba. Makon jiya yaron nan mai ƙafar hagu ya tsayar da kekensa a bakin fili, kamar yadda yake yi idan ba fasinja, ya zauna yana kallonsu har aka kira magariba. Da muka tashi ya ce in shigo ya kai ni gida. Muna tafe ya ce, "Koci, su waɗannan ina za ka kai su?" Na ce masa zan rubuta wa jarida, kuma duk ranar da hukumar ƙwallo ko wata ƙungiya ta kira zama a kan wannan magana, ni da shi za mu je tare.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Wassalam.

Naka,
Wani malami mai horar da yara,
Birnin Katsina.